Ranar da usur ya busa ina cikin hayaƙi

Shekarata goma sha uku ranar da gidan maƙwabtanmu ya kama da wuta. Tsakar dare ne. Ihun mata ya tashe mu, muka fito a guje, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi, wani bokiti, wani baho. Ni ma na ciko bokitina na shiga sahu. Abin da ban manta ba har yau shi ne ruwan da nake watsawa ba ya ma kai wa ga wutar. Zafi ba ya barin mutum ya matsa, sai dai ka tsaya daga nesa ka wurga, ruwan ya zube a ƙasa a banza. A cikin gidan kuwa akwai wata tsohuwa da ƙafa ta daina ɗaukarta, wadda duk yaran layin muke kira Kaka. Ga maza majiya ƙarfi a bakin ƙofa, duk wanda ya yunƙura sai hayaƙi ya koro shi yana tari, idanu na zubar da hawaye.

Can sai muka ji jiniya. Mutum biyu suka sauko daga mota, kowa ya goya tukunyar ƙarfe a bayansa, fuska a rufe. Ba su ruga ba, kuma a lokacin hakan ya ƙona mini rai ƙwarai. Suka durƙusa a bakin ƙofa, na baya ya dafa kafaɗar na gaba, suka shige da rarrafe. Ban san minti nawa suka yi ba. Sun dai fito da Kaka a tsakaninsu, da ranta. Sai da ta ƙara shekara huɗu a duniya kafin mai abu ya karɓi abinsa.

Tun daga wannan daren na ƙudurta a raina cewa aikin kwana-kwana zan yi. Ban gaya wa kowa ba sai da na gama sakandare.

Ranar da na samu mahaifina da maganar, na zauna a ƙasa gabansa na ce, "Baba, ina neman izini. Aikin kashe gobara nake so in nema." Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Kowa gudun wuta yake yi, kai kuma nemanta kake?" Na ba shi labarin daren Kaka, wanda shi ma yana wurin. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, in za ka shiga, ka shiga da gaske. Kada ka ci albashin aikin da kake jin tsoronsa. Allah ya yi maka albarka." Umma ce ba ta sauko da wuri ba. Ta yi kwana uku ba ta ɗaga ido ta dube ni ba, a rana ta huɗu ta kira ni ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: duk ranar da na fita aikin gobara na dawo, in kira ta ta ji muryata. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ban saɓa ba.

Karon farko da na nema ban samu ba. Takarduna sun cika, jarrabawar rubutu ma na ci, gwajin ƙarfin jiki ne ya kayar da ni. An ba mu wani mutum-mutumi mai nauyin babban mutum aka ce mu ja shi zuwa wani layi, bayan mun gama gudu da hawan bene ɗauke da naɗaɗɗen tiyo. A rabin hanya numfashina ya ɗauke, ƙafafuna suka ƙi. Na koma gida jiki a sanyaye. Shekara guda cur na yi ina tashi da asuba ina gudu, ina cika buhu da yashi ina ja. Da aka sake buɗe ɗauka na koma, na wuce. Likita ya duba ido, da kunne, da huhu, da zuciya. Aka sa mu hau dogon tsani mu saki hannu ɗaya mu dubi ƙasa, aka kuma tura mu cikin wani matsattsen lungu mai duhu da rarrafe. Na ga ƙarti da suka fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba sun ajiye neman aikin a bakin wannan lungun, kuma ban ga laifinsu ba. Gara mutum ya gano haka game da kansa a filin gwaji.

Watannin farko a makarantar horo sun kusa sa ni fid da rai. Ni da na zo don in shiga wuta, sai ga ni daga fareti sai naɗe tiyo, a warware, a sake naɗewa. Ɗaurin igiya iri-iri, a rufe maka ido a ce ka ɗaura. Sa kayan aiki ana duba agogo, in ka wuce lokaci ka tuɓe ka sake. Wata rana na kasa haƙuri na ce wa malaminmu, wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin, "Yallaɓai, yaushe za mu fara koyon kashe wuta?" Bai yi fushi ba. Ya ɗauko kyandir ya kunna, ya kifa masa kofin gilashi. Muna kallo harshen wutar ya lanƙwashe ya mutu. Ya ce, "Ga shi na kashe, ban zuba ruwa ba. Me ya faru?"

Daga nan aka fara karatun gaske. Wuta ba ta rayuwa sai da abu uku: abin da za ta ci, da zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa zafin yake kwashewa. Kumfa da bargo iska suke toshe mata. Rufe kan tukunyar gas kuwa abincinta ka yanke. Shi ya sa ruwa ba ya maganin kowace wuta, har ma yakan zama shi ne musibar. Lita guda ta ruwa in ta zama tururi takan kumbura kusan ninki 1,700. Ka watsa ruwa a man girki da ya kama, sai ruwan ya nutse ƙarƙashin man, ya tafasa nan take, ya yi tsiri da man mai ci da wuta har rufin ɗaki. An nuna mana wannan a fili da rabin kofin ruwa ɗaure a bakin doguwar sanda, kuma tun ranar ban sake raina tukunyar mai a kan wuta ba. Fetur yana tasowa saman ruwa, sai ruwan ya zame masa abin hawa ya kai shi inda bai kai ba. Wutar lantarki kuma tana bin ruwa ta dawo hannun mai watsawa. Gas ɗin da ke cikin tukunyar girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya yana jiran wanda zai kunna makunni.

Amma darasin da ya sauya mini tunani gaba ɗaya na hayaƙi ne. Yawancin waɗanda ke rasa rai a gobarar gida ba harshen wuta ke kashe su ba, hayaƙi ne ke riga wutar isa gare su. A cikinsa akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. Mutum zai ji jiri, tunaninsa ya rikice, ya kasa gane ƙofar ɗakin da ya yi shekaru yana kwana a ciki. Hayaƙi mai zafi sama yake taruwa, yana saukowa a hankali kamar ana sauke labule. In zafin da ke can sama ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salsiyas, duk abin da ke ɗakin, katifa, labule, kujera, sai ya kama a lokaci guda, kuma babu rigar da za ta tsare mutum daga wannan. Ranar da aka koya mana haka na tuna mutanen nan biyu da suka durƙusa a ƙofar Kaka. Ashe ba sanyin jiki ba ne ya hana su rugawa. Karanta hayaƙin suke yi.

Tukunyar da muke goyawa, mutane da yawa suna zaton oksijin ne a ciki. Iska ce irin wadda kowa ke shaƙa, an dai matse ta da ƙarfi. A takarda tana kai mutum kamar rabin awa, amma in kana jan tiyo cikin zafi, da kaya sama da kilo 20 a jikinka, zuciya na bugawa, ba ta kai haka. Akwai agogo da ke nuna abin da ya rage, akwai kuma usur da ke busawa da kansa in iska ta kusa ƙarewa. Doka ita ce kafin ma ya busa ka riga ka kama hanyar fita. Takunkumin kuma dole robarsa ta kama fata sosai, gashin fuska a wurin yana buɗe wa hayaƙi kafa. Wannan na faɗa ne don mai sha'awar aikin ya sani tun da wuri ya yi shawara da kansa.

Da aka tura ni tasha, na tarar rabin aikin jira ne da dubawa. Kowace safiya a duba mai da ruwan mota, a tayar da injin famfo, a gwada kowace tukunyar iska, a duba oba-oba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kiran da ke shigowa ma da yawansu ba gobara ba ne: hatsarin mota da sai an yanka ƙarfe kafin a zaro mutum, wanda ya faɗa rijiya, ginin da ya rufta, ambaliya.

Akwai abin da ke mini ciwo a aikin nan, kuma zan faɗe shi. An taɓa jifan mu da duwatsu. Mun isa wani wuri wuta ta riga ta ci rabin gini, muka fara aiki, bayan ɗan lokaci ruwan motar ya ƙare, jama'a suka hau ihu wai mun zo ba ruwa. Dutse ya fasa gilashin mota, wani ya sami direbanmu a kafaɗa. Ban riƙe kowa a zuciya ba, wanda dukiyarsa ke ƙonewa a gaban idonsa ba a hayyacinsa yake ba. Amma ga gaskiyar lamarin. Tankin motarmu lita 4,000 yake ɗauka, tiyo guda kuma yana iya fitar da lita 400 zuwa 500 a minti ɗaya. Kowa ya yi lissafin da kansa. In babu famfon gobara a kusa, ko tankar da za ta biyo baya, minti goma ya isa a ga ƙasan tanki. Ba kuma za a ce a ƙara girman tankin yadda aka ga dama ba, don kowace lita kilo guda ce, motar da ta yi nauyi da yawa ba ta sauri, ba ta shiga lungu. Sannan sau da yawa sai an gwada bokiti an gaji kafin wani ya tuna ya kira mu, ga masu motoci da ke jin jiniya su ƙi kaucewa. Wutar da za a iya kashewa da bargo a minti na farko, a minti na goma ta fi ƙarfin mota guda.

A shekarata ta huɗu a aikin abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru.

Gidan bene ne, wajen ƙarfe biyu na dare, wuta ta tashi daga ƙasa, hayaƙi ya cika sama. Ina saukowa daga mota wata mata ta cafke hannuna da hannu biyu. "Bawan Allah, ɗana yana sama. Shekararsa huɗu. Don girman Allah." Har yanzu ina jin yatsunta a hannuna. Aka haɗa ni da wani da ya girme ni a shekaru da aiki, wanda nake kira Yaya. Aka rubuta sunayenmu da yawan iskarmu a allo, muka shiga.

Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane duhun ba. Fitila tana hannunka amma ba ka ganin tafinka. Hannun hagu a jikin bango, ba ka sakinsa, don shi ne hanyarka ta komawa. Da ɗaya hannun da ƙafa kake lalube. Ba ka jin komai sai numfashinka a cikin takunkumi da ƙarar abubuwa na fashewa a ƙasa. Muka haye bene da rarrafe. Ɗakin farko muka shafa gado, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, cikin kabad, don ƙananan yara ba gudu suke yi daga wuta ba, ɓuya suke yi. Babu kowa. Ɗaki na biyu ya cika da kaya, ya cinye mana lokaci. Babu kowa. Ni kuwa tun daga bene nake haki, muryar matar nan na kaina, ina zuƙar iska kamar ba za ta ƙare ba, ban duba agogona ko sau ɗaya ba.

Muna fitowa daga ɗaki na biyu hannuna ya taɓa wata ƙofa a rufe. A daidai lokacin usur ɗina ya busa.

Na ji shi sarai. Na kai hannu ga mariƙin ƙofar. Yaya ya damƙi ɗamarar tukunyata ta baya, ya manna takunkuminsa a nawa ya ce, "Mu fita." Na ce, "Yaya, ɗaki ɗaya ya rage!" Ya ce, "Na ce mu fita." Na fizge, ya sake damƙa, ya juya ni da ƙarfi ya tura ni gaba. Ba zan ɓoye ba, a kan matakalar nan na tsane shi. A raina na ce wannan mutumin ya bar yaro ya mutu don tsoro. Tun muna saukowa yake magana a oba-oba, yana gaya wa na waje: ɗaki biyu na hagu babu kowa, saura na uku, ƙofarsa a rufe. Muna kaiwa bakin ƙofar gida muka yi kiciɓis da mutum biyu da cikakkun tukwane suna shiga. Ba su ɓata ko daƙiƙa a ɗakunan da muka duba ba, kai tsaye suka nufi na uku.

Na cire takunkumi na zube a ƙasa. Na duba agogon iskata, allurar ta kusa kwanciya. Matar tana can an rirriƙe ta, ta ga mun fito hannu biyu babu komai, ta yi wata ƙara da ba na fatan in sake jin irinta.

Ba a yi minti huɗu ba suka fito da shi. A ƙarƙashin gado suka same shi, ya naɗe cikin zane, ya suma amma yana numfashi. Rufaffiyar ƙofar nan ce ta tare masa mafi yawan hayaƙin. Ya yi kwanaki a asibiti, ya warke.

Da muka koma tasha gari ya fara wayewa. Ina wanke tiyo ban ce wa kowa uffan ba. Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Ƙanena, da na bar ka ka buɗe ƙofar nan, da iskarka ta ƙare a cikin ɗakin. Da ka faɗi, ni zan tsaya jan ka, tawa ma ta ƙare. Su biyun da suka shigo, wa kake tsammani za su fara cin karo da shi a hanya? Mu. Kafin su fitar da ƙarti biyu su koma, yaron fa?" Ban iya ba shi amsa ba. Na ajiye tiyon na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya ce, "Ba ni ka yi wa ba. Gobe ka riƙa duba agogonka."

Na shigo aikin nan ina ganin jarumta ita ce ka ƙi fita. Da an bar ni da irin jarumtata a daren nan, da gawa uku aka fitar.

Ba kullum ake dacewa ba. Bayan shekara biyu mun shiga wani gida da wutar ba ta ma fi ƙarfin bokiti biyu ba, katifa ce ta yi ta ci a hankali a falo. Mutum uku muka samu a kan shimfiɗarsu kamar masu barci, ko ƙwarzane babu a jikinsu. Na yi makonni ba na barcin kirki. In na rufe ido sai in ga ɗakin. Na riƙa faɗa a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba, har maiɗakina ta zaunar da ni ta ce, "Abban yara, jikinka ne kawai yake dawowa gidan nan." Maganarta ce ta sa na je na ga likita, na kuma fara buɗe baki ina magana da abokan aiki. Sai na tarar kusan kowa yana da nasa ɗakin da yake gani in ya rufe ido, kowa ya yi shiru yana zaton shi kaɗai ne. Tun daga lokacin duk gidan da na shiga sai na yi maganar ƙararrawar hayaƙi, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a rufin ɗaki, da rufe ƙofar ɗaki kafin a kwanta. Wasu har sun gaji da ji daga bakina. Ba zan daina ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Da muna sababbi, hular kwano da ta yi baƙi da rigar da ke warin hayaƙi abin alfahari ne, alamar ka sha wuta. A 2022 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya aikin kashe gobara a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Baƙin da muke taƙama da shi guba ne da ke ratsa fata. Yanzu ba na cire takunkumi don wuta ta mutu alhali wurin na hayaƙi, ba na kai kayan aiki gida, kuma 'ya'yana sun san ba a rungumar Abba sai ya yi wanka.

Duk ranar 4 ga Mayu mukan tsaya a sahu mu yi shiru na minti guda. Ita ce ranar 'yan kwana-kwana ta duniya, wadda aka fara bayan wutar daji ta kashe ma'aikata biyar a Ostareliya a Disambar 1998. Akan ambaci mutum 343 na hukumar kashe gobara ta birnin New York da suka rasu a harin da aka kai wa dogayen benaye biyu na birnin ranar 11 ga Satumba 2001. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, yarenmu ba ɗaya ba, amma na san nauyin da ke bayansu lokacin da suke hawa matakala, na san ƙarar numfashin da suke ji. A cikin shirun nan ni Yaya nake tunawa, wanda ya yi ritaya da ƙafafunsa, yana gida cikin jikokinsa.

Bana aka ba ni horar da sababbin ɗauka. Akwai wani yaro a cikinsu, ƙarfi kamar doki, kullum shi ne na farko a gudu, kullum yana tambaya yaushe za a kai su wuta ta gaske. Makon jiya muka sa su a ɗakin hayaƙi na atisaye, aka ɓoye mutum-mutumi a ciki. Ina biye da su a baya. Ya saki bango, ya bar abokinsa, ya yi gaba shi kaɗai. Usur ɗinsa ya busa, na ga ya ƙara sauri. Na miƙa hannu na damƙi ɗamarar tukunyarsa ta baya. Ya juyo yana huci a cikin takunkumi ya ce, "Yallaɓai, na kusa samunsa!" Na ce, "Mu fita."

Da muka fito na zaunar da shi a inuwa, na sa ya karanta mini abin da ya rage a agogon iskarsa da bakinsa. Sannan na ba shi labarin ƙofa ta uku.